Hannun Wa Ya Gina Tulun?

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Damagaram ya san kuɗi iri biyu ne ke yawo a hannun jama'a, sefa da naira. In takardar naira ashirin ta faɗo hannunka, juya bayanta ka duba. Za ka ga hoton wata mace tana aikin babbar tukunya. Sunanta Ladi Kwali, maginiya ce daga ƙasar Gwari, ta rasu a 1984, kuma tun 2007 hotonta yake bayan wannan takarda. A kasuwar da ka karɓi canjin nan, in ka ƙara ƴan taku, za ka tarar da tuluna da randunan Mirya a jere suna jiran mai saye, babu sunan kowa a jikinsu. Sana'ar ɗaya ce, yumɓu ne da ruwa da wuta. To, me ya ɗora waccan a bayan kuɗi, ya bar waɗannan a bakin hanya?

Amsa ta kusa ita ce tukwanen Ladi sun je Landan, an baje kolinsu, baƙi sun yaba. Sai dai wannan amsa ta haifi tambayar da ta fi ta nauyi, wadda kuma ita ce maƙasudin wannan rubutu: idan aikin hannun mutum ya bar gida aka kai shi gaban baƙi, girmama shi aka yi ko kuwa raba shi aka yi da abinsa? Don neman amsa zan bi sawun masu zane da magina na ƙasar Japan da suka yi hijira zuwa Turai da Amurka, domin sun riga mu shan daɗin wannan hanya da ɗacinta, kuma, kamar yadda mai karatu zai gani, zaren labarinsu ya ratso har ƙasar Hausa.

Wata ɗaya, ƙaddara biyu

A ƙarshen watan Yuli na 1899, a nan Tirmini, ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Bindigar zamani ta rinjayi doki da mashi, Faransawa suka shiga birnin Damagaram, daga nan ikon ƙasa ya fita hannun masu ita. A cikin wannan wata na Yuli ɗin dai, a can gabashin duniya, sabbin yarjejeniyoyin da Japan ta ƙulla da Ingila da Amurka suka fara aiki. Kafin lokacin, Baturen da ya yi laifi a tashar jiragen ruwa ta Yokohama jakadan ƙasarsa ne ke yi masa shari'a. Daga wannan wata alƙalan Japan suka karɓi hurumin. Wato a watan da muka rasa ikon kanmu, su kuwa suka maido da nasu.

Ba a daɗe ba sakamakon ya bayyana a fagen fasaha. A babban baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900, Japan ta zo da rumfarta da wakilanta, ta kuma buga wani babban littafi cikin Faransanci a kan tarihin fasaharta, mai ɗauke da zamunna da sunayen gwanaye, wanda hukumarta ce ta shirya shi. Kayan Afirka ma sun isa Faris a shekarun nan, amma a cikin akwatunan sojoji da ƴan leƙen ƙasa suka je, kuma abin da aka saba rubutawa a ƙarƙashinsu shi ne sunan ƙabila, da gari, da Baturen da ya kawo. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya ƙiyasta cewa akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihi na ƙasar. Mafi yawansu marayu ne, ba a san hannun da ya yi su ba.

Mai nuni da abin nuni

Mu matsa gaba da shekara ashirin da ƴan kai, mu tsaya a Landan. A 1920 wani saurayi maginin tukwane mai suna Hamada Shoji ya baro Japan tare da abokinsa Bature, Bernard Leach. Suka sauka a St Ives, wani ƙaramin garin masunta a kudu maso yammacin Ingila, suka gina matoya irin ta Japan a jikin tudu. A 1923 Hamada ya baje kolin tukwanensa a wani ɗakin nuni na Landan, da sunansa a ƙofa. Masu kallo sun zo ganin aikin Hamada, sun saya, sun tafi da sunan a bakinsu.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1924, aka buɗe baje kolin daular Ingila a Wembley, a gefen birnin na Landan. A can aka gina ganuwa mai kama da ta Kano, aka kawo masu sana'a daga Najeriya da sauran ƙasashen yammacin Afirka, ciki har da Hausawa, aka zaunar da su suna saƙa da dukanci da ƙira a gaban ƴan kallo. Gwanintarsu ba ta gaza ta Hamada ba, amma su kansu suna cikin kayan da aka zo kallo. Irin maganganun wulaƙanci da wasu jaridu suka riƙa bugawa a kan Afirka a lokacin sun fusata ɗaliban yammacin Afirka da ke Landan, kuma wannan fushi na cikin abin da ya kai su ga kafa ƙungiyarsu a 1925, a ƙarƙashin jagorancin Ladipo Solanke.

Gari ɗaya, tazarar shekara ɗaya, amma matsayi biyu. A nan ne farkon amsarmu yake. Baje koli yana zama girmamawa idan mai aikin ya shiga a matsayin mai nuni, da sunansa da bakinsa. Yana zama cin mutunci idan shi da kayansa aka haɗa aka mai da su abin nuni. Adalci ya sa mu ƙara da cewa su ma mutanen Japan sun taɓa zama a ɓangaren biyu. A 1885 an kafa wani ƙauyen Japan na kallo a unguwar Knightsbridge ta Landan, inda masu sana'a kusan ɗari suke aiki ana biyan kuɗi a gan su. A 1910 kuma, a baje kolin haɗin gwiwar Japan da Ingila, aka kawo mutanen ƙabilar Ainu na arewacin Japan aka nuna su kamar yadda aka nuna namu daga baya. Ashe cutar ba ta launin fata ba ce kawai, ta mai ƙarfi ce a kan marar ƙarfi.

Daga St Ives zuwa Abuja

Yanzu ga inda zaren ya iso gida. A shekarar da Hamada ya yi nuninsa, wani matashi mai suna Michael Cardew ya shiga koyon sana'a a matoyar St Ives. Bayan shekaru masu yawa gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane, shi kuwa ya zaɓi Abuja ya kafa makarantarsa, aka buɗe ta a 1952. Ba Abuja ta yau ake nufi ba. Tsohuwar Abuja ce, garin da zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, wanda a yau ake kira Suleja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne Cardew ya ga wasu randuna masu ado da suka ɗauke masa hankali. Sarkin ya riga shi sanin darajarsu, shi ya sa ya tara su. Aikin Ladi Kwali ne.

A 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi juyi a kan faifai, amma ba ta bar ginin hannu da ta gada ba, ba ta kuma bar zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi da tsuntsaye ba. Aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan ƙyalli, ana toya su da wuta mai tsananin zafi, bisa hanyar da ta samo tushe daga gabashin Asiya ta biyo ta St Ives. Kowace tukunya tana fita da hatimin Abuja cikin haruffan Larabci, da haruffan sunanta biyu. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ita ma ta je Ingila da Jamus da Amurka ta yi gini a gaban jama'a, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa.

To amma a dubi abin da ya sami tulun kansa. Sirrin randa shi ne tana zufa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da aka rufe jikin da ƙyalli aka toya shi ya zama kamar dutse, sai zufa ta tsaya, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya hau. Matar ƙauye ba za ta iya ɗora shi a ka ba, ba ta kuma da abin sayensa. Tulun ya sami suna, ya rasa ruwa. Wannan ita ce riba da hasarar baje koli a cikin abu guda, kuma duk mai gaskiya dole ya lissafa su tare.

Kuɗin da baƙo ke biya

Shi ma mai aikin yana biyan nasa. Fujita Tsuguharu ya isa Faris a 1913, ya yi nuninsa na farko a 1917, kafin a kai ko'ina ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu zane na birnin, domin ya haɗa fentin Turai da siririn layin alƙalamin Japan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma gida, ya zana manyan hotunan yaƙi don rundunar ƙasarsa. Bayan an ci Japan, ƴan'uwansa masu zane suka ɗora masa laifin goyon bayan yaƙin. Ya fita a 1949, bai sake komawa ba, ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1955, ya rasu a 1968. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fujita ya gwada komawa, ya ba gida abin da gida ya nema a ranar, gidan kuma ya juya masa baya washegari.

A Amurka, Kuniyoshi Yasuo ya sauka a 1906 yana ɗan samari. A 1948 gidan nuni na Whitney da ke New York ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa, shi ne mai zane na farko da aka yi wa haka yana raye. A 1952 yana cikin waɗanda suka wakilci Amurka a babban baje kolin Venice na Italiya. Duk da haka doka ta hana wanda aka haifa a Japan zama ɗan ƙasa, a lokacin yaƙi ma an sa shi a jerin baƙi abokan gaba. An gyara dokar a 1952, shi kuwa ya rasu a 1953 takardarsa ba ta fito ba. Ƙasar ta karɓi zanen, ta bar mai zanen a zaure.

Obata Chiura kuwa yana koyarwa a jami'ar Berkeley aka kama shi a 1942, tare da mutane kusan 120,000 ƴan asalin Japan da aka tsare a sansanoni. An fara ajiye shi da wasu daga cikinsu a Tanforan, filin sukuwa, inda iyalai suka kwana a bargar dawaki. A nan Obata ya buɗe makarantar zane, ɗaruruwan tsararru, yara da tsofaffi, suka shiga. Babu mai saye, babu ɗan jarida, babu ɗakin nuni. Wannan ya nuna mana cewa darajar aikin hannu ba daga idon baƙo take farawa ba. Tana farawa ne daga buƙatar mutanen da aka yi shi a cikinsu.

Hujjar masu son ɓoye suna

Wani zai ce: ina ruwan maginiyar Mirya da suna? Ashe ba kunya da tawali'u ne adonmu ba? Ashe malamai ba su gargaɗe mu a kan riya ba? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma a Japan ma an yi ta. Masanin nan Yanagi Soetsu, abokin Hamada da Leach, ya kafa wata mazhaba a tsakiyar shekarun 1920 wadda take ganin cewa kyau na ainihi yana cikin kayan amfanin yau da kullum da talakawa marasa suna suke yi, kwano da akushi da tsumma, domin babu girman kai a cikinsu. A 1936 ya buɗe gidan adana irin waɗannan kaya a Tokiyo. Hamada da kansa ya daina buga hatimi a jikin tukwanensa.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, Hamada zaɓa ya yi. Duniya ta riga ta san shi, a 1955 ma gwamnatinsa ta sa shi cikin gwanayen da take ɗauka a matsayin taskar ƙasa. Wanda ya ɓoye sunansa da kansa ya yi tawali'u. Wanda aka goge masa suna ba da shawararsa ba, zaluntarsa aka yi, ko da mai gogewar yana yabon aikin. Na biyu, maginiyar ƙauye ba marar suna ba ce a inda take. Matar da ta saba saye ta ƙwanƙwasa tulu ta ji amonsa, ta duba bakinsa, ta san daga gidan da ya fito. Sunan yana nan a bakin mutane, tafiya ce take kashe shi. Da zarar tulu ya hau mota ya bar yankin da aka san hannun, in ba a rubuta ba, ya zama maraya.

Al'adarmu ma ba ta ƙi sunan gwani ba. Har gobe Zariya tana ambaton Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19. A ƙasarmu kuma, da masallacin Yama na jihar Tawa ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, an ambaci maginin, Falke Barmu, da sunansa. Yabon gwani ya zama dole, in ji masu iya magana, kuma ba a yabon gwani sai an kira shi.

Bashin da ke kan gida

Saura tambaya ta ƙarshe: wa zai riƙe sunan? A nan akwai darasi daga Barazil. A 1908 jirgin ruwan farko ya kawo ma'aikata 781 daga Japan zuwa gonakin kofi na ƙasar. A 1935 wasu ƴan tsirarun masu zane daga cikin baƙin nan suka kafa ƙungiya a Sao Paulo mai suna Seibi, suna haɗuwa su duba aikin juna, su soki juna, su tallafi juna. Yaƙi ya dakatar da su, suka farfaɗo a 1947, suka kafa baje kolinsu na kansu. Manabu Mabe, wanda ya taso yana noman kofi, ya ratsa ta wannan da'ira kafin ya ci kyautar gwanin masu zane na ƙasa a baje kolin Sao Paulo na 1959. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Handa Tomoo, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta tarihin baƙin. Ba su jira wani ya gano su ba. Su suka fara gano juna.

Mu kuwa fa? Ɗan ƙasar nan ne Dorugu, wanda aka haifa a wajen Kance, aka bautar da shi yana yaro, ya sami ƴanci, ya bi Barth har Landan a 1855. A Ingila ya ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi cikin Hausa mai daɗi, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ne a bangon littafin, amma na Dorugu ya tsira a ciki, shi ya sa muke iya karanta shi a yau. Ya rasu a Kano a 1912. Ɗalibai nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunansa? Baƙon da ya rage masa haƙƙi ya fi mu riƙe shi, mu da muke kukan an rage masa.

Saboda haka amsar tambayarmu ta kasu biyu. A kan mai masauki akwai haƙƙin ya karɓi aiki tare da mai aikin: ya rubuta sunansa, ya biya shi, ya saurari bayaninsa, kada ya rataye zanen a ɗaki ya bar mai zanen a waje. A kan gida kuma akwai haƙƙin da ya riga wannan, wato ya san gwanayensa kafin baƙo ya zo, kamar yadda Sarki Sulaimanu Barau ya san Ladi kafin Cardew. Wannan aiki bai fi ƙarfin malamin makaranta ko ƙaramar ƙungiyar raya al'adu ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa. A tura ɗalibai wurin maginiya da baduku da maƙeri da mai zanen bangon gida a Birni, da izininsu, a rubuta sunan kowa, da wanda ya koya masa, da inda yake samo yumɓu ko fata, da sunayen adon da yake yi. A ranar bikin ƙarshen shekara a baje aikinsu a farfajiyar makaranta, a ba su kujera a gaba, su yi bayani da bakinsu. In wata rana aikin ya ƙetare teku, zai tafi da takardar haihuwarsa.

Kada kuma mu manta da ruwan. Tulun da ke ɗakin nuni yana da nasa matsayi, amma wanda ke gindin bishiya a ƙofar gida, da moɗa a kansa, yana shayar da mai wucewa a tsakiyar bazara, bai gaza shi ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne idan mun sha mun yi hamdala, mu tambayi hannun da ya gina shi.